Wata uku bayan tiyatar rage tumbi: gashina yana zuba, ga azumi yana ƙaratowa

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa waɗanda suka san wannan al'amari, ko dai ta hanyar karatu ko kuma domin ya taɓa faruwa da su.

Shekaruna 36, 'ya'yana biyu, ina zaune a Kano. Wata uku ke nan da aka yi mini tiyatar rage tumbi a Alƙahira, irin wadda ake yanke mafi yawan tumbin a cire, a bar wani siriri mai kama da ayaba, wadda likitoci suke kira silib. Kafin in tafi nauyina ya kai kilo 124, tsawona kuwa mita 1.62 ne, ga ciwon suga, ga hawan jini, ga ciwon gwiwa da ya sa nake yin salla a kan kujera da ƙuruciyata. Yau da safe na hau sikeli na ga kilo 103, kuma alhamdu lillahi na koma yin sujada da goshina a ƙasa, wanda shi ne abin da ya fi komai faranta mini rai.

Abin da ya dame ni shi ne kwana goma kawai na yi a can bayan aikin. An sallame ni da magungunan wata uku, waɗanda suke gab da ƙarewa, da kuma takardar tsarin abinci wadda rabin abin da aka rubuta a cikinta ba a samunsa a kasuwarmu. Mutumin da ya haɗa ni da asibitin ya daina amsa saƙona tun da na dawo. Yanzu gashina yana zuba sosai, har ina jin tsoron zuwa kitso. Idan na miƙe tsaye da sauri sai jiri ya kwashe ni. Duk ranar da na gwada cin tuwo ko nama, loma uku ko huɗu sai in ji abin ya tokare mini ƙirji, wani lokaci har sai na yi amai, saboda haka na koma ga kunu da shayi da fura, tun da su suna wucewa ba tare da wahala ba. Surukata kuwa, wadda ba ta san an yi mini tiyata ba, ta tsorata da ramar da nake yi, kullum sai ta aiko mini da kwanon abinci, kuma idan ta zo sai ta zauna ta ga na ci.

Tambayoyina su ne: me ya kamata in riƙa ci daga cikin abincinmu na gida? Shin idan magungunan nan suka ƙare shi ke nan, ko kuwa akwai waɗanda zan ci gaba da sha? Saura mako shida a fara azumi, kuma tun da na balaga ban taɓa shan azumi ba sai da uzurin da aka san mata da shi, to yaya zan yi a bana? Sannan ni da maigidana muna son ƙarin haihuwa, ban san yaushe hakan zai dace ba. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Mai Tsara Abinci ta rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara sauƙi. Aikina shi ne tsara wa marasa lafiya abinci a asibiti, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninki shi ne komawar da kika yi ga kunu da shayi da fura. Na san dalilinki, amma ina roƙonki ki sauya wannan tsari tun daga gobe.

Tumbin babban mutum yana ɗaukar lita ɗaya ko fiye, naki kuwa yanzu bai wuce abin da ƙaramin kofin shayi zai ɗauka ba. Duk abin da kika zuba a wannan ɗan wuri ya hana wani abu shiga, don haka idan kunu ya cika shi, to nama da ƙwai ba su da masauki. Jikinki a wannan lokaci yana buƙatar aƙalla gram 60 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kowace rana, kuma idan bai samu daga abinci ba sai ya koma yana cin naman jikinsa. A sikeli za ki ga kilo yana sauka ki yi murna, alhali wani ɓangare na abin da yake tafiya tsoka ce da ƙarfinki. Kunun gero da shayi mai sukari kusan babu abin da suke ba ki ta wannan fuska sai zaƙi da ɗumi.

Bari in yi miki lissafi da abin da kike da shi a ɗakin girki. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da kimanin gram 6. Kofin kindirmo ko madara yana da kimanin gram 8. Tsokar kaza dafaffiya mai nauyin gram 100, wato kamar faɗin tafin hannunki, tana da kusan gram 30, kifi kuma yana da sama da 20. Ga alale, ga wake da aka dafa ya yi luguf, ga awara, wadda zai fi miki kyau a jefa ta cikin miya maimakon a soya ta a mai. Idan kika ci ƙwai biyu da safe, kika sha kindirmo marar sukari da hantsi, kika ci kifi a romo da rana, sannan da dare kika ci ɗan alale ko farfesun kaza, kin kai abin da ake so ko kin kusa. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce a fara da nama ko kifi ko wake, a bi da ganye irin su zogale da alayyafo da kuɓewa, idan akwai sauran wuri sai a taɓa tuwo ko shinkafa loma ɗaya ko biyu. Wannan ya saɓa wa yadda muka taso, inda tuwo ne abinci, nama kuma ɗan abin da ake ɗorawa a kai, shi ya sa yake da wuyar sabo.

Game da tokarewar da kike ji, a mafi yawan lokuta yadda ake cin abincin ne yake jawo ta. Mu Hausawa ba ma tauna tuwo, muna yanko loma mu dulmiya a miya mu haɗiye, kuma tumbin da aka rage ba ya karɓar haka. Lomarki kada ta wuce girman ɗan yatsa, ki tauna har sai ta zama kamar kunu a bakinki, ki ajiye cokali tsakanin loma da loma, ki ba kowane cin abinci minti 20 zuwa 30, kuma ki tsaya da zarar kin ji alamar ƙoshi ta farko ko da saura loma ɗaya a kwano. Busasshen nama irin kilishi da tsire da balangu ki jinkirta su tukuna, domin sun fi kowane abu tokarewa, haka ma burodi mai laushi da yake dunƙulewa. Naman da ya daɗe a wuta cikin romo shi ne naki.

Ruwa kuma kada ki haɗa shi da abinci. Ki daina sha ɗan lokaci kaɗan kafin ki zauna cin abinci, sannan ki jira rabin awa bayan kin gama. A sauran lokutan kuwa ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan har ki sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato leda uku zuwa huɗu ta fiya wata. Ina kyautata zaton ƙarancin ruwa yana da hannu a jirin da kike ji, musamman yanzu da zafi yake shigowa. Lemon kwalba ki yi sallama da shi, domin iskar da take ciki tana kumbura tumbi, kuma kwalba ɗaya mai santilita 35 tana iya ɗauke da sukarin da ya kai gram 35. Zoɓo da kunun aya da ake sayarwa su ma sukari ne ya yi musu yawa, sai dai ki haɗa naki a gida.

Zubar gashi abu ne da aka saba gani tsakanin wata na uku da na shida bayan tiyata, saboda jiki ya sha wahalar aiki ga kuma saurin rama, kuma galibi yana tsayawa da kansa gashin ya sake tsirowa. Abin da yake tsawaita shi shi ne ƙarancin furotin da sinadaran zinki da ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ki sassauta kitso, ki bar shafa man da yake miƙar da gashi na ɗan lokaci, amma maganin na gaskiya yana cikin kwanonki.

Ɗan Kwari ya rubuta:

Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Ni ba ma'aikacin asibiti ba ne, ɗan kasuwa ne, amma shekara shida ke nan da aka yi mini tawa tiyatar a Indiya, kuma zan amsa miki tambayar magani da abin da ya same ni, domin ba na son ya sami wani.

Tawa ta bambanta da taki. Ni baifas aka yi mini, inda ake ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Na tafi da kilo 141, cikin shekara ɗaya da rabi na dawo 88, sugana ya daidaita har likita ya dakatar mini da allurar insulin. Da na ga na warke sai na ce to shan ƙwayoyin bitamin na mene ne kuma, ga su da tsada, ga ni ina cin nama kullum. Na daina a shekara ta biyu, kuma na daɗe ban ji komai ba, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa na yi daidai.

A shekara ta huɗu ne tafin ƙafafuna suka fara mindirya, kamar ina taka auduga. Daga nan sai kasala, sai mantuwa, har ta kai ina ba abokin ciniki kaya in manta nawa muka yi da shi, ni da nake riƙe lissafin dila hamsin a kaina. An yi mini maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot ya fi sau uku, domin ban taɓa gaya wa masu duba ni cewa an yi mini tiyata ba, ina ganin sirrina ne. Sai da na haɗu da wani likita da ya ga tabon aikin a cikina ya tambaye ni, sannan ya sa aka auna bitamin B12, aka tarar ya yi ƙasa ƙwarai. Shi ya bayyana mini cewa tumbi ne yake samar da wani sinadari da yake kama wannan bitamin daga abinci ya shigar da shi jiki, kuma idan aka rage tumbin ko aka tsallake shi, ko rago guda mutum yake ci ba lallai ya samu isasshe ba. Ya ce hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa wanda ya daina shan magani yake ganin lafiyarsa ƙalau har sai ajiyar ta ƙare. Yanzu allura ake yi mini duk bayan wata uku. Mantuwar ta tafi, amma yatsun ƙafata na hagu har yau ba su dawo daidai ba, kuma an gaya mini mai yiwuwa haka za su zauna.

Kuskurena na biyu shi ne haɗin kemis. Ranar da na gaji a kasuwa sai in aika yaro ya karɓo mini haɗin ciwon jiki, ban san cewa a ciki akwai dikulofenak ko ibufurofen ba. Waɗannan magunguna suna cin bangon tumbi, kuma a wurin da aka yi ɗinki suka haifar mini da gyambo, sai da na ga bayan gidana ya koma baƙi kamar kwalta aka kwantar da ni aka ƙara mini jini. Tun daga lokacin farasitamol kawai nake sha, kuma duk inda za a rubuta mini magani sai na fara faɗin aikin da aka yi mini.

Abu na ƙarshe shi ne nauyi yana iya dawowa. Ni yanzu kilo 97 nake, kuma na san ta inda taran nan suka shigo. Ban taɓa iya cinye kwanon tuwo ba har yau, amma shayi mai kauri da biskit da cincin da gyaɗa suna wucewa ba tare da na ji ƙoshi ba, kuma a shago hannu ba ya hutawa daga safe har yamma. Tiyatar tana hana mutum cin da yawa a zama ɗaya, amma ba ta hana shi ciye-ciye. Na dawo da tattakin rabin awa bayan sallar asuba, na kuma hana a ajiye mini kayan maƙulashe a shago, kuma tun bara nauyin ya tsaya wuri ɗaya.

Amaryar Zariya ta rubuta:

Anti, ni ma silib aka yi mini, kuma watana biyar da yin aikin azumi ya zo. Na yi azumina talatin cif, ban sha ko ɗaya ba, kuma ban ga wata illa ba sai ɗan jiri da la'asar. Gaskiya ma azumin ya fi mini sauƙi a kan na shekarun baya, domin yunwa ba ta damuna kamar da. An ce ɓangaren tumbin da ake cirewa shi ne yake samar da mafi yawan sinadarin da yake sa mutum jin yunwa, kuma ni na shaida hakan a jikina. A ganina ki ɗaura niyya ki fara, idan kin ji ba za ki iya ba sai ki ajiye. Ban so ki rasa falalar watan saboda tsoro, kuma na san irin kewar da mutum yake ji idan kowa a gida yana buɗa baki shi kuwa yana gefe.

Likitan Cikin Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina yi wa ƙanwata Amaryar Zariya murnar yadda Allah ya sauƙaƙa mata, kuma abin da ta faɗa game da raguwar yunwa gaskiya ne, sinadarin ana kiransa girelin. Amma a nan ne haɗarin yake, domin wanda ba ya jin yunwa yana iya kaiwa ga galabaita bai ankara ba. Halin Hajiya mai tambaya kuma ya bambanta da nata: tana amai, tana jin jiri tun kafin azumi, tana da ciwon suga da hawan jini, kuma ranar da za a ga wata ba ta cika wata biyar da aiki ba. Ƙwararrun likitocin wannan fanni suna ba da shawarar a jinkirta azumi wata 6 zuwa 12 bayan tiyata, kuma ko bayan haka sai an duba mutum an ga yana ci yana sha yadda ya kamata.

Hajiya, ki yi lissafin da kanki. A Kano azumi yana ɗaukar awa goma sha uku zuwa sha huɗu, abin da ya rage miki tsakanin magariba da asuba bai wuce awa goma ko sha ɗaya ba. A cikinsu ne za ki sha lita ɗaya da rabi ta hanyar kurɓa, ki ci gram 60 na furotin a zama uku ko huɗu, ki bar rabin awa tsakanin ci da sha kowane karo, ki sha magungunan da wasunsu ba a haɗa su lokaci guda, ki yi salla, ki kuma yi barci. Mai cikakken tumbi yana shanye leda biyu ta ruwa a tsaye idan an kira salla, ke kuwa makwarwa uku a jere za ta iya sa ki amai. Sannan abin da muka saba buɗa baki da shi, dabino da kunun tsamiya mai sukari da ƙosai da lemo, idan ya faɗa hanji farat ɗaya bayan dogon yini yana jawo abin da muke kira dampin: cikin minti 10 zuwa 30 zuciya ta riƙa bugawa, gumi ya karyo, ciki ya murɗa, wani lokaci da gudawa, ko kuma bayan awa ɗaya zuwa uku suga ya faɗi mutum ya riƙa makyarkyata. Ya fi yawa ga masu baifas, amma masu silib ma suna samunsa. Ra'ayina a fili shi ne kada ki yi azumin bana. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a aya ta 184 da ta 185 cikin Suratul Baƙara, cewa ya rama a wasu kwanakin, kuma ramuwa ba dole ne a jere ta ba, kina iya rarraba ta a lokacin hunturu idan jikinki ya yi ƙarfi. Ki kai wa malamin da kika amince da shi bayanin likitan da ya duba ki, domin zuciyarki ta natsu.

Abin da ya fi azumin gaggawa a wurina shi ne ki ga likita a wannan makon. Magungunan suga da na hawan jini da aka ɗora ki a kansu kina da kilo 124 mai yiwuwa sun yi miki yawa yanzu, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa jiri idan kin miƙe. Kada ki dakatar da su da kanki, amma lallai a auna a sake tsara su. Aman kuma ina so a ɗauke shi da muhimmanci. Idan kika bi shawarar Mai Tsara Abinci na kwana biyu ko uku bai ragu ba, sai a duba ko wani wuri ya tsuke a tumbin. Akwai bitamin B1, wanda ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku ba, saɓanin B12 da Alhaji Ɗan Kwari ya ba da labari, kuma mai yawan amai yana iya rasa shi cikin ɗan lokaci har abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Duk ranar da kika ga abu ɗaya yana zama biyu a idonki, ko tafiyarki ta zama tangaɗi, ko tunaninki ya rikice, ko kika kasa riƙe ko da ruwa, ko ciwon ciki mai tsanani ya taso, to asibiti za a nufa a daren, kuma a gaya musu an yi miki tiyatar tumbi. Ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin maiƙo shi ma a duba shi, domin saurin rama yana haifar da tsakuwa a matsarmama.

Magungunan da aka sallame ki da su kashi biyu ne. Mai rage tsamin ciki, irin omefurazol, na ɗan lokaci ne, likita zai faɗa miki ranar dainawa, ko da yake masu silib da yawa suna fama da ƙwannafi har su daɗe a kansa. Ƙwayar bitamin mai haɗe da ma'adanai kuwa ta har abada ce, tare da kalsiyam da bitamin D da B12, da kuma ayon musamman ga macen da take ganin al'ada. A bar awa biyu tsakanin ayon da kalsiyam domin suna hana juna shiga jiki, kuma kada a sha ayon da shayi. Awon jini ana yin sa a wata na 3 da na 6 da na 12, daga nan sau ɗaya kowace shekara, saboda haka lokacin naki na farko ya riga ya yi. Ki nemi a duba yawan jini da ajiyar ayon da B12 da folet da bitamin D da kalsiyam, da aikin hanta da ƙoda, da kuma awon suga na wata uku. Ki rubuta wa asibitin da ya yi miki aiki kai tsaye, ba ta hannun ɗan tsakiya ba, ki nemi cikakken rahoton tiyatar, domin haƙƙinki ne, sannan ki buɗe kati a asibitin koyarwa inda akwai likitocin fiɗa da masu tsara abinci a wuri ɗaya. Abin da yake ba ni takaici game da masu fita waje yin wannan aiki shi ne ana tara kuɗin jirgi da na tiyata, amma ba a tanadi wanda zai riƙa duba mutum bayan ya dawo ba, alhali aikin awa biyu ne, kulawar kuwa ta sauran rayuwa ce.

Batun haihuwa, ki jira wata 12 zuwa 18, lokacin da nauyi ya daina sauka kuma awon jini ya yi kyau, domin ɗan tayi ba ya samun abin da yake buƙata a jikin da yake cikin rama. Ki kuma sani cewa mata da yawa da suka daɗe ba su samu ciki ba saboda ƙiba suna samu ba zato da zarar nauyi ya fara sauka, don haka ku je ku nemi hanyar tazarar haihuwa ke da maigida tun yanzu. Mai yawan amai ba za ta dogara da ƙwayar da ake haɗiya kullum ba, gara wadda ake sa wa a damtse ko a mahaifa.

Gwaggon Yara ta rubuta:

'Yata, likitoci sun gama nasu, ni kan surukarki zan yi magana, domin ni ma suruka ce, kuma 'yar cikina an yi mata irin wannan aiki shekara uku da suka wuce.

Kada ki ga laifin baiwar Allah nan. Mu a zamaninmu idan matar aure ta yi ƙiba cewa ake yi ta samu gidan hutu, idan kuwa ta rame sai a fara tambayar ko ciwo ne, ko kuwa ba ta jin daɗin zaman gidan. Ita tana ganin matar ɗanta tana zubewa a gabanta, ba a gaya mata dalili ba, to me kike so ta yi in ba ta aiko da abinci ba? Wataƙila ma tana kwana da tunanin mutane za su ce ɗanta ne ba ya riƙe ki da kyau. Ni da tawa 'yar ta ɓoye mini, wata biyu na yi ina kuka a ɓoye ina zaton wani mugun ciwo ne ake rufe mini, har rubutu na sa aka yi mata. Ranar da mijinta ya zaunar da ni ya yi mini bayani, raina ya ɓaci da aka ɓoye mini, amma a daren na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Shawarata ita ce maigidanki ne zai gaya mata, ba ke ba, domin maganar ɗa ta fi shiga kunnen uwa, kuma ke kunya ba za ta bar ki ki ce mata ba za ki ci abincinta ba. Ya ce mata likita ne ya yi miki aiki saboda suga da hawan jini, kuma likita ne ya ƙayyade abin da za ki ci. Sannan kada ku hana ta aiko da kwanon, domin da shi take nuna ƙaunarta. Ku dai sauya abin da yake ciki. Ku ce mata an ce farfesun kifi da na kaza da alale ne maganinki, za ki ga yadda za ta tsaya a kansu fiye da kowa. Ni yanzu idan muka je biki da 'yata aka fara cewa ta ci mana, ni nake amsawa in ce ta ci a gida, in sa a juye mata nata a leda, kuma ba wanda yake ja da tsohuwa.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Alhaji lafiya. Na jinkirta amsawa ne domin ina so in fara aikata wani abu tukuna.

Ranar Talata na je asibiti. Da aka auna jinina ina zaune sannan aka sake aunawa ina tsaye, an ga yana faɗuwa sosai, likita ya cire mini ɗaya daga cikin magungunan hawan jini biyu da nake sha, ya kuma rage na suga. An ɗebi jini, sakamakon wasu ya fito, an ce ajiyar ayon ɗina ta yi ƙasa, an ɗora ni a kan magani, na B12 da bitamin D kuma sai mako mai zuwa. Na rubuta wa asibitin Alƙahira ta imel ina neman rahoton aikin. Kwana biyar ke nan ina fara cin ƙwai ko kifi kafin komai, ina duba agogo ina taunawa, kuma sau ɗaya kawai na yi amai, ranar da na manta na sha ruwa a kan abinci.

Gwaggo, maigidana ya je ya sami Hajiya surukata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ta yi faɗa a kan ɓoye mata da aka yi, kamar yadda kika faɗa, amma jiya da yamma sai ga kwanonta da farfesun tarwaɗa a ciki, ta kuma aiko a tambaye ni ko an yarda in ci yaji.

Azumi kuwa na yi magana da malaminmu na Islamiyya, na kuma haƙura da na bana, ko da yake har yanzu idan na tuna sai in ji hawaye. Likita, ina da sauran tambaya ɗaya: maganin ayon ɗin da aka ba ni yana sa mini taurin bayan gida, shin akwai wani nau'insa da ya fi sauƙi a ciki, ko kuwa in ƙara yawan ruwa da ganye in ci gaba da wannan ɗin?